Zumar Kaka: Nazarin Wata Sana'ar Iyali da Ta Kusa Yin Tsami

A shekara ta uku da fara sana'ar, wata mata da ke sayen zuma a wurinmu tun kwalbar farko ta dawo mana da kwalba 2. Ba ta yi faɗa ba. Ajiyewa ta yi a gabana ta ce in buɗe. Ina murza murfin sai iska ta fita da ƙara, kumfa ta taso har baki, wani wari mai tsami-tsami ya bugi hancina. A jikin kwalbar ga sunan kakarmu nan ɓaro-ɓaro, a ƙasansa kuma ga ɗan rubutun da ni da kaina na tsara, mai cewa zuma ce irin wadda take bayarwa. Matar ta san marigayiyar. Abin da kawai ta ce shi ne, a iya saninta tsohuwar ba ta taɓa ba wa kowa irin wannan ba.

Ni ke riƙe da littafin lissafin sana'ar tun ranar da aka fara, don haka yawancin abin da ke tafe daga littafin na ɗauko shi, sauran kuma daga zaman da aka yi da ni. Na sakaya sunaye da gangan, har da na ita Kakar. Wanda ya taɓa haɗa kuɗi da 'yan'uwansa zai gane mutanen ko babu suna.

Abin da ta bari

Amya 7 Kaka ta bari a ƙarshen gona. Asalinsu na mijinta ne, kuma da ya rasu kowa ya ɗauka shi ke nan, gara ce za ta gaje su. Sai ta sa aka sauko da su daga kan bishiya aka ɗora a kan gwafanni daidai ƙirjinta, tunda ba hawa za ta iya ba, ta ci gaba da kula da su har ƙarfinta ya ƙare. Ko cokali ɗaya ba ta taɓa sayarwa ba. Bayarwa take yi, ga maras lafiya, ga maƙwabci, ga jikan da ya zo hutu. Mu jikoki mun san ta da wata tsohuwar roba mai murfi da take ɓoyewa, da yadda take dangwala mana a tafin hannu ta ce mu lashe a gabanta kada mu fita ƙuda su bi mu.

Shekara guda bayan rasuwarta, 3 daga cikin amyoyin sun zama kango. Tururuwa ta ci ɗaya, ruwa ya lalata ɗaya, ta ukun kuwa zuma ce ta tashi ta bar ta kawai. Yayanmu ne ya je ya gani, ya dawo ransa a ɓace, ya kawo shawarar a farfaɗo da wurin, a mai da shi sana'a, a sa masa sunanta. Aka zauna da 'ya'yanta 3, wato Kawu da Inna da Ummanmu, da mu jikoki 4: Yaya, da ni, da ƙanwata, da ɗan Kawu.

Ba a yi awa guda ba aka amince. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin albarka, amma yanzu na san a nan ɓarakar farko take. Ba mai iya cewa a'a ga abin da aka ce don Kaka za a yi, kuma da yake ba wanda ya ce a'a, ba wanda ya yi tambaya. Kuɗin da Inna da Umma suka bayar jari ne, ko rance, ko kyauta? Gefen gonar da Kawu ya bayar aro ne ko ya shiga cikin sana'a? Yaya da zai riƙa shan harbi, ma'aikaci ne ko mai kaso? Aka dai raba aiki da baki: Yaya ya ɗauki kula da ƙudan, ƙanwata ta ɗauki ɗurawa a kwalba da talla ta waya, ɗan Kawu ya ɗauki kai kaya, ni aka miƙo mini littafi. Da na ɗan taɓo maganar a rubuta wani abu, Kawu ya dube ni ya ce, "Ke yanzu takarda za ki sa mu sa wa hannu a kan Iya?" Na ja bakina na yi shiru.

Amya ko akwati

Gardamar farko a kan gidan da za a sa ƙudan aka yi ta. Amya ta gargajiya, ko ta ciyawa ce ko ta kututture ko ta tukunya, matsalarta ɗaya: ƙudan suna manne saƙarsu a jikinta, ba ka da hanyar ganin cikin gidan sosai sai ka yanka. Ba ka san ko sarauniya na nan ba, ba ka san ko cuta ta shiga ba, kuma ranar ɗiba sau da yawa kakan haɗa da saƙar da ke ɗauke da ƙwai da 'ya'ya. Abin da ya sauya kiwon zuma a duniya lura ce da wani malamin coci ɗan Amurka, Lorenzo Langstroth, ya yi a 1851. Ya gano cewa idan aka bar tazara ta kusan milimita 6 zuwa 9, ƙudan sukan bar ta a matsayin hanyar wucewa. In ta gaza haka su toshe ta da danƙo, in ta wuce su gina saƙa a ciki. A kan wannan ya ƙera akwati mai firam-firam da ake zarowa a duba a mayar, ya yi masa rajista a 1852. A 1865 kuma Franz Hruschka, wani hafsan sojan Ostiriya, ya fito da injin da ke wulwula saƙa ya fizge zumar ba tare da an farfasa ta ba, sai a mayar wa ƙudan da kayansu su sake cikawa. Ribar wannan babba ce, domin kafin su samar da kilo 1 na kaki sukan cinye zuma ninkin-ba-ninkin haka.

Irin wannan akwati Yaya yake so, amma kuɗinmu bai kai ga akwati da firam da inji ba. Kawu kuwa ko sunan akwati ba ya son ji; a wurinsa in ba amya ba ce, to ba sana'ar Iya ake yi ba. Aka tsaya a tsakiya, a kan akwati mai sanduna, samfurin da masu bincike na Jami'ar Guelph ta Kanada suka daidaita don masu kiwo a Kenya a farkon shekarun 1970. Dogon akwati ne mai gangaren gefe, ana jera sanduna a samansa, kowace sanda ƙudan su rataya saƙa ɗaya a ƙarƙashinta. Ba ya buƙatar inji, kuma kana iya ɗaga saƙa ɗaya ka duba ka mayar. Amyoyin Kaka 4 da suka rage aka bar su a inda suke.

An ce mana kowane kafinta zai iya yin akwatin. Gaskiya ne, in ya yarda da awo. Faɗin kowace sanda dole ya tsaya tsakanin milimita 32 da 35, gwargwadon girman ƙudan yankin, domin wannan shi ne kaurin saƙa ɗaya haɗe da hanyarta. Namu kafintan da ido ya yanka. Bayan wata 2 Yaya ya je dubawa, ina tsaye daga nesa da littafina. Ya ɗaga sanda ɗaya sai 3 suka taso tare, don ƙudan sun gina saƙar a gicciye. Ta yage, ta faɗa ƙasan akwatin da zumar da 'ya'yan, gidan ya hautsine. Sun same shi ta idon sawu, inda wando bai haɗu da takalmi ba, ya kwana 2 ba ya iya sa takalmi. Sai da aka sake yanka sandunan akwati 12 gaba ɗaya.

Shekarar farko ba ta da wani labari mai daɗi. Mun shafa kaki a sanduna don jawo zuma, ta shiga akwati 5, ta gudu daga 2. Ɗaya tururuwa ce ta kore ta kafin mu koyi tsoma ƙafafun teburin a gwangwani mai mai. Ɗayar kuwa ɗoki ne: Yaya ba ya iya kwana 4 bai buɗe ya leƙa ba, alhali ƙudan suna wahala wajen riƙe ɗumin ɗakin renonsu a kusan digiri 35, kuma duk buɗewa tana mai da su baya. A nan muka koyi lissafin da ba ya karɓar gaggawa. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya kwana 21 ne, sannan takan yi kusan mako 3 tana aikin cikin gida kafin ta fara fita neman ruwan fure. Zumar da ta shiga yau ba za ta ciyar da kai a wata mai zuwa ba. A littafina na wannan shekara, shafin abin da ya fita ne kawai ke da rubutu.

Abin da mutane suke saye

A shekara ta biyu fure ya yi kyau, akwati 9 suka cika, kuma cikin mako 3 ba mu da ko kwalba ɗaya. Muka yi ta murna muna cewa zumarmu ta fi ta kowa. Ba na tsammanin haka ne. Zuma ce mai kyau, amma ba ita ta sayar da kanta ba.

Mai sayen zuma ba ya iya tantance ta da ido ko da harshe. Gwaje-gwajen da ake yi a gida, na kunna ashana, na ɗiga ta a ruwa, na jiran a ga ko tururuwa za ta hau, babu wanda ke tabbatar da komai a cikinsu. Kuma algus a wannan kasuwa ba ƙarami ba ne: a watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan samfuri 320 na zumar da ake shigar mata da ita, ta ce kashi 46 cikin 100 ana zargin an cakuɗa su da ruwan sukari. In masu ɗakunan gwaji suna fama haka, ina ga mai tsayawa a gaban kanta? Don haka abin da mai saye yake biya da kuɗinsa shi ne maganar mutumin da ya miƙo masa kwalbar. Mu kuwa mun fito da maganar da ba mu muka gina ta ba. Tsohuwa ce ta yi shekaru tana tara ta, kuma ta tara ta ne daidai saboda ba ta taɓa karɓar kuɗi ba. Muka ɗauki wannan jari muka liƙa a kwalba ba tare da mun lura cewa shi ne jari mafi girma a sana'ar, kuma shi kaɗai ne ba za a iya sake zubawa ba in ya ƙare.

Yadda ta yi tsami

Ruwa ba ya tsami banza, zuma ma haka. Da na bi littafin daga baya, na ga abin ya faro ne wata 4 kafin matar ta zo.

Saboda yadda zumar ta ƙare da wuri a shekara ta biyu, mutane suka fara roƙon a ajiye musu, ƙanwata kuma ta fara karɓar kuɗi tun kafin ɗiba. Kafin mu ankara, abin da aka biya ya kusa ninka duk abin da muka samu a shekara ta biyu. Mun ƙara akwatuna, amma sababbin ba su kai ga bayarwa ba. Ruwan sama ya ja lokaci, fure ya makara. Sannan wata safiya Yaya ya tarar da matattun ƙuda tsibi-tsibi a bakin akwati 3; an yi feshin maganin ƙwari da rana tsaka a wata gona da ke fure kusa da mu. Ƙudan zuma sukan yi kiwo har nisan kilomita 2 zuwa 3 daga gidansu, wani lokaci fiye, don haka shingenka ba ya kare su daga abin da maƙwabci ya zuba. Gidajen ba su mutu ba, amma sun rasa masu fita nema a daidai lokacin da ake buƙatarsu.

Waya ta fara ƙara. Masu kuɗi suna tambayar kayansu, wasu da ladabi, wasu da gatse. Yaya ya shiga ɗiba kafin lokaci.

Ga abin da wannan ke nufi. Ruwan furen da ƙudan ke kawowa yawancinsa ruwa ne. Sai sun yi ta juya shi, suna shimfiɗa shi a ramukan saƙa, suna yi masa fifita da fikafikansu dare da rana, har ruwan ya sauko zuwa kusan kashi 18 cikin 100, sannan su liƙe bakin ramin da farin kaki. Wannan liƙi shi ne hatiminsu na cewa ta nuna. Zumar da ta kai haka tana iya shekaru ba ta lalace ba, domin ƙwayoyin yis da ke cikinta ba su da ruwan da za su motsa. In ruwan ya yi yawa, sai su farka su fara cin sukarin, su fitar da iska da tsami, murfi ya kumbura. Ma'aunin Codex Alimentarius, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kula da shi, ya sa iyakar ruwa a kashi 20. Yaya ya san duk wannan. Ya yanko saƙar da rabinta a buɗe yake, yana fatan wadda ta nuna za ta rufa wa wadda ba ta nuna ba asiri.

Ko da hakan ba ta isa ba. Sai ɗan Kawu, wanda shi ke fuskantar masu saye ido da ido, ya je ya sayo jarka 2 daga hannun wasu masu ɗiba, ya juye a babban bokitin tacewa bai gaya wa kowa ba.

A nan nawa laifin ya shigo. Lita 1 ta zuma tana da nauyin kusan kilo 1.4, kuma ni nake rubuta nauyin duk abin da aka ɗebo. A mako na biyu na ga kwalaben da suka fita sun fi abin da lissafi zai iya bayarwa. Na sake haɗawa, amsa ɗaya. Na ce wa kaina wataƙila sikeli ne. Gaskiyar ita ce na san in na buɗe baki, sunan ɗan Kawu zai fito, Kawu kuma zai ce an ci masa fuska, ni kuwa ba na son in zama wadda ta ɓata abin Kaka. Kunyar ido ta sa na rufe littafin.

Bayan matar ta tafi, muka aro na'urar auna ruwan zuma, wadda ake kira rifraktomita, daga wani mai kiwo da ya girme mu a sana'a. Ɗan ƙaramin abu ne kamar tocila: ka ɗiga zuma a gilashinsa, ka rufe, ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa, sai ka ga inda layi ya tsaya. Ragowar tamu ta nuna 21. Ragowar jarkar ta nuna 24, ga ta baƙa, ga ƙauri, alamar a kan wuta aka narkar da saƙar. Zafi irin wannan yana kashe ƙamshi da sinadaran da ke cikin zuma, yana kuma ɗaga wani abu da ake kira HMF, wanda da shi masu gwaji ke gane zumar da aka dafa ko ta tsufa. Ma'aunin Codex ya tsayar da shi a miligiram 40 a kowane kilo, 80 ga zumar ƙasashe masu zafi. Mai na'urar ya duba, ya miƙo mana, bai ce komai ba.

Kowa da Kakarsa

An kai ruwa rana a zaman da ya biyo baya, kuma shi ne sashen wannan lamari da na fi yawan tunawa, don babu wanda ya yi ƙarya a cikinsa.

Kawu ya ce akwati ne ya jawo. A zamanin amya ba a taɓa jin zumar Iya ta yi kumfa ba, a koma inda aka fito. Inna ta ce ba akwati ba ne, ciniki ne. Iya ba ta taɓa sayarwa ba, ranar da aka sa wa zumarta kuɗi ranar albarka ta fita. Ɗan Kawu ya juya wajen Umma ya ce, "Goggo, ke shaida ce, Kaka ba ta taɓa mai da mutum hannu rabbana ba. Ni abin da na guda ke nan." Yaya kuwa, wanda bai saba ɗaga murya a gaban manya ba, ya ce, "Kawu, shekara 3 ina shan harbi, ko kuɗin mai ban taɓa ɗauka ba. Duk wanda ya tashi sai ya ce don Kaka. To ni iyalina sunan Kaka za su ci?"

Kowa ya kawo Kaka shaida, kuma kowace Kaka da aka kawo ta gaske ce. Ta yi amfani da amya, ba ta sayarwa, ba ta son hana mutum. Matsalar ita ce mamaci ba ya raba gardama. Sunanta ya zama sandar da kowa ke ɗauka in hujjarsa ta ƙare, kuma wanda aka buga wa ba shi da damar ramawa, don ramawa tamkar musu da ita ne. Shekara 3 muna gudanar da sana'a da wannan sanda a maimakon yarjejeniya. An ce zumu zuma ne. Ba a cika ƙarasa maganar da cewa zuma ga zaƙi ga harbi ba.

Umma ce ta sauya akalar zaman, ita da ba ta ce uffan ba tun farko. Ta ce ita ce ke riƙe wa Iya fitila in za ta buɗe amya, tun tana yarinya har ta yi aure. Ta ce tsohuwar takan buɗe ta baya, ta sa hayaƙi kaɗan, ta haska, ta daɗe tana kallo. In ta ga saƙar ba a liƙe take ba, sai ta mai da marufi ta ɗaure, su juyo gida da roba wayam. In ta yanka ma ba ta taɓa kwashewa duka. Takan ce su ma masu gida ne. Kuma akwai shekarun da mutane suka yi ta zuwa tana ce musu, "Bana ba su yi ba," har da mutanen da take jin nauyinsu. Umma ta dubi ɗan Kawu ta ce ta mai da mutane hannu rabbana sau da yawa, shi dai bai gani ba ne don yana yaro.

A ganina wannan ne karo na farko da aka kawo abin da Kaka take yi da hannunta a maimakon abin da kowa yake so a ce ta yi. Kuma abin da ya fito ba amya ba ne, ba kuma kyauta ba. Abin da ya fito shi ne iya cewa babu.

Abin da aka sauya, da abin da ya ci

Mun bi duk wanda ya karɓi kwalba daga wannan ɗiba muka karɓo, muka mai da kuɗi, muka faɗi dalili ba tare da rufa-rufa ba. Ribar shekara ta biyu gaba ɗaya a nan ta tafi, har Inna ta ƙara daga aljihunta. Wasu sun yaba, wasu ba su sake kiranmu ba.

Sannan aka rubuta takardar da aka ƙi rubutawa tun farko, shafi 2 kacal. Kuɗin iyaye mata ya zama jari mai kaso sananne, filin Kawu ya zama haya, aikin Yaya da na ƙanwata ya zama aiki mai lada da ake cirewa kafin a yi maganar riba. An hana karɓar kuɗin zumar da ba ta shiga kwalba ba. Ba a yanka saƙa sai aƙalla kashi 3 cikin 4 nata a liƙe yake, kuma ba a ɗurawa sai na'ura ta nuna 18 ko ƙasa da haka. Mun sayi tamu, kuma mutum 2 ke dubawa, ba mai ɗiba shi kaɗai ba. Sunan Kaka ba ya hawa kan zumar da ba daga akwatunanmu ta fito ba. Kowace kwalba tana ɗauke da watan ɗiba da lambar bokiti, da gargaɗin kada a ba wa jaririn da bai cika shekara 1 ba, saboda haɗarin cutar botulizim da hanjinsa bai iya karewa ba tukuna. Yaya ya zagaya gonakin da ke kewaye ya roƙi a riƙa sanar da shi kafin feshi, a kuma yi shi da yamma lis bayan ƙudan sun koma. Wasu suna yi, wasu suna mantawa. Kakin da muke zubarwa a da, yanzu ana narkar da shi a tace a sayar, kuma a shekarar da zuma ta yi ƙaranci shi ke biyan kuɗin kwalba.

Sharaɗi 2 ne suka fi ba ni sha'awa, kuma ba ni na kawo su ba. Na farko na Inna ne: amyoyin Kaka an fitar da su daga sana'a kwata-kwata. Abin da suka bayar ba ya shiga littafina, ba a sa masa kuɗi, rabawa ake yi kamar yadda take yi. Da wannan Kawu ya samu amyarsa, Inna ta samu kyautarta, akwatunan kuma suka samu 'yancin zama kasuwanci ba tare da kowa ya ji an sayar da uwarsa ba. Na biyu na Yaya ne: in wata rana sana'ar ta gaza, za a rufe ta, a ajiye sunan, ba za a sayar wa wani da shi ba, kuma ba wanda za a ce ya ci amanar Kaka. Sai da ya faɗa na gane nauyin da yake ɗauke da shi. Mai shago in ya karye, shago ya rufe. Shi kuwa gani yake in ya gaza, kamar ya sake binne ta ne, kuma wannan tsoro ne ya sa wuƙa a saƙar da bai kamata ya yanka ba.

Da za a sake tambayata, ba zan hana a sa sunanta ba, amma zan ce a jira sai an yi ɗiba 2 ko 3 da sunan da ba na kowa ba, a yi kurakuran koyo a kansa. Alkawari muka ɗauka da mutuncin wadda ba ta nan balle a nemi izininta, tun ba mu iya yanka sanda daidai ba.

Ɗan Kawu ya fita daga sana'ar. Ba kora aka yi ba, shi ya ce ya gaji. Muna gaisawa, yana zuwa duk abin da ya tara dangi, amma bai sake taka ƙarshen gonar ba, kuma ban san ranar da za mu zauna mu yi maganar jarkar nan ni da shi ba, tunda ni ma ina da abin faɗa a kaina.

Yanzu shekara ta shida muke ciki. Akwati 20 ne ke da zuma, sana'ar tana biyan masu aikinta, ribar da ake rabawa ba ta taka kara ta karya ba. Har yanzu mukan sha bayani ga masu dawo da kwalba don ta daskare, suna zaton sukari muka zuba, alhali daskarewa ɗabi'ar zuma ce mai yawan gulukos, wato wani nau'in sukari da ke cikinta tun asali, kuma ɗan ɗumin ruwa ke sake ta. Bara kaya suka ƙare da wuri, ƙanwata ta rubuta wa masu jira cewa bana ba su yi da yawa ba, sai baɗi.

Matar nan ba ta dawo saye ba. Umma ce ta kai mata 'yar roba daga ta amya. Ta buɗe, ta sansana, ta tambayi amya nawa suka rage. Umma ta ce 3, don ɗaya ta ruɓe a ruwan bara. Yaya yana so a yi sabuwa a ɗora a kan gwafar da ta zama wayam. Kawu ya ce in aka yi ta a wurin, da irin kayan, ta Iya ce. Inna ta ce Iya ba ta taɓa ta ba, don haka a kira ta da wani suna. Na rubuta maganar a jerin abin da za a tattauna a zama mai zuwa, a ƙasan batun sayen sababbin safar hannu.